Yadda ake haɗa gem ɗin faɗa na mutum biyu a gida, irin na gidan gem na da

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kaduna a shekarun 1990 ya san ɗakin nan mai labule a ƙofa, da benci biyu da talabijin mai ƙeya, yara sun cika shi maƙil ana kallon mutum biyu suna jibgar juna a Street Fighter ko Mortal Kombat. Ni a Tudun Wada na koya, da kuɗin tara da ya kamata in ci ƙosai da su. Daga baya na haɗa irin wannan wasa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: a zaurenmu, a shagon askin wani abokina a Kawo, da kuma duk hutun makaranta idan 'ya'yan yayata suka zo. A nan zan nuna maka yadda za ka haɗa naka da tsohuwar kwamfuta, ka saita shi, ka koyi bugawa, ka kuma tara mutane ba tare da an tashi baram-baram ba.

Da Street Fighter II zan yi misali, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991. Ba ya wahalar da kwamfuta, kuma tsarinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zuwa gidan dambe: mutum biyu a fili, turmi uku, wanda ya yi kisa biyu ya ci. Kowane turmi agogo na ƙirgawa daga 99, in ya ƙare ba a yi kisa ba, mai sauran jini da yawa ne ya ɗauka.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu. Wasan mutum biyu adalci ke riƙe shi. Ranar da wanda aka kashe ya ɗaga hannun gem ɗinsa, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, sama ya ce "wannan hannun ba ya yi," kuma ya zama gaskiya ya faɗa, zaman ya watse ke nan. Kusan duk abin da ke ƙasa don a toshe wannan bakin ne.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta. Laftof ɗin da ta yi shekara goma tana aiki ta wadatar, ko da ta gaji da sauran ayyuka. Na fi son laftof a kan ta tebur saboda batir: in aka ɗauke wuta ana tsakiyar turmi, talabijin ne kawai zai mutu, sai a juyo kan fuskar laftof a ƙarasa.

Talabijin ko allon kwamfuta, da wayar HDMI. In kwamfutar tsohuwa ce ƙwarai mai VGA kaɗai, ka sani VGA ba ta ɗaukar sauti, sai ka nemi 'yar sifika.

Hannu biyu masu waya, na USB, iri ɗaya, kamfani ɗaya, a saye su rana ɗaya. Za ka samu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da shagunan kayan lantarki na titin Ahmadu Bello. Tafi da laftof ɗinka ka gwada a gaban mai kaya. Abin da za ka duba shi ne gicciyen nan na ɓangaren hagu mai sama, ƙasa, gaba da baya. Danna tsakanin ƙasa da gaba ka gani ko yana ɗaukar biyun tare. Hannu da yawa masu araha a nan suke faɗuwa, kuma wanda ba ya ɗaukar kwana ba shi da amfani a wannan wasan ko da kyauta aka ba ka.

Sauran ƙananan kaya: ekstenshin mai kyau, benci ko kujeru biyu masu tsayi ɗaya, fanka, littafi da biro, sifirit da auduga, da ƙaramin sukundireba.

Mataki na 1: Zaɓi nau'in wasan da za a riƙa bugawa

Street Fighter II ba guda ɗaya ba ne. Na farkon, na 1991, 'yan wasa takwas ne ake iya zaɓa, kuma mutum biyu ba za su ɗauki ɗan wasa ɗaya ba. A nan gardama take farawa, don kowa Ken ko Ryu yake so. A 1992 aka fitar da Champion Edition, wanda ya buɗe manyan nan huɗu na ƙarshe, wato Balrog, Vega, Sagat da M. Bison, ya kuma yarda Ken ya kara da Ken. A ƙarshen shekarar aka sake fitar da Hyper Fighting mai sauri. Super Street Fighter II na 1993 ya ƙaro mutum huɗu, Cammy, Fei Long, Dee Jay da T. Hawk, sai Super Turbo a 1994.

Ga mai koyo, Champion Edition. Ga zaman manya, Hyper Fighting, don a ganina shi ya fi daidaita ƙarfin 'yan wasan. Ka tsayar da guda ɗaya a kowane zama, kada a riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, saboda saurinsu ya bambanta kuma hannu yana rikicewa.

Ka yi hattara da wani na jabu da ake kira Rainbow Edition, wanda wasu suka yi wa kutse tun a wancan zamanin. Za ka gane shi in ka ga wutar da ɗan wasa ke jefa wa abokin karawarsa na fita bibbiyu, ana jefa ta daga sama, ko ɗan wasa ya rikiɗe ya koma wani ana cikin faɗa. Yara na son sa don hayaniya, amma ba a koyon komai a cikinsa. Akwatunan nan da ake sayarwa masu wasanni dubbai a ciki sukan zo da irinsa a gauraye.

Mataki na 2: Samo wasan ka girka

Hanya biyu ce. Ta farko, wadda ta fi tsafta, ita ce ka sayi Street Fighter 30th Anniversary Collection da Capcom ta fitar a 2018. Wasanni 12 ne a ciki, har da duk waɗanda na lissafa, ana samunsa a Steam, kasuwar wasanni ta intanet, don kwamfuta, da PlayStation 4, Xbox One da Nintendo Switch. Ka girka, ka jona hannu, shi ke nan.

Ta biyu ita ce manhajar da ke kwaikwayon injin gidan gem, wadda ake kira emuleta. Fitacciya a cikinsu MAME ce, tun 1997 ake gina ta, kuma kyauta ce. Sai dai ka bambance abu biyu: manhajar kyauta ce, amma fayil ɗin wasan, wanda ake kira ROM, mallakar kamfanin da ya yi shi ne har gobe. Wannan nauyin yana wuyanka, musamman in kuɗi za ka riƙa karɓa a hannun mutane.

In da MAME za ka yi aiki, ka sauke ta daga shafinta na ainihi, ka buɗe ta a jakar da ka ware mata. A ciki akwai jaka mai suna roms, nan ake ajiye wasan. Ga kurakurai uku da kusan kowane sabon shiga ke yi. Na ɗaya, ya warware fayil ɗin daga zip ɗinsa. Bar shi a ƙunshe yadda yake. Na biyu, ya canja masa suna don ya fi gane shi, alhali da sunan manhajar ke nemansa: na Champion Edition sf2ce ne, na Hyper Fighting kuma sf2hf. Na uku, fayil ɗin na tsohuwar MAME ne, manhajar kuma sabuwa, sai ta ce wasu ɓangarori sun ɓace. Ba kwamfutarka ce ta lalace ba, rashin dacewa ne kawai. Na taɓa kwana biyu ina zagin laftof a kan wannan.

Da wasan ya tashi, ka tuna injin kuɗi ne asalinsa. Lamba 5 a kibod tana jefa kwabon mutum na farko, 6 na mutum na biyu, 1 da 2 kuma su ne na farawa. Tab tana buɗe wurin saiti, Esc tana fitar da kai gaba ɗaya. Don haka ka ja laftof ɗin nesa da hannun yara masu kallo.

Mataki na 3: Gwada hannuwan, ka jera maɓallansu iri ɗaya

Jona hannu biyun kafin ka buɗe wasan. A Windows, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta joy.cpl, za ka ga jerin hannuwan da kwamfuta ta gani. Shiga kowanne ka danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya kana kallon suna kawo haske. Wanda sai ka matsa da ƙarfi yake ɗauka, mayar wa mai shi tun rasit bai ɓace ba.

Wasan maɓalli shida ne: naushi uku a layin sama, ƙarami, matsakaici da babba, shuri uku a layin ƙasa haka nan. A hannu mai siffar na PlayStation ga yadda aka saba jerawa: mai akwati ƙaramin naushi, mai kusurwa uku matsakaici, R1 babba, X ƙaramin shuri, mai da'ira matsakaici, R2 babba. Saita wa mutum na farko, ka saita wa na biyu daidai da shi, ka rubuta a takarda ka manna a bango. Sanya jefa kwabo a Select, farawa a Start, ka huta da miƙa hannu kan kibod. A cikin saitin injin akwai wurin da ake mayar da shi na kyauta, ba sai an jefa kwabo ba, in ka fi son haka.

Ka yi wa ramukan USB alama, wannan na hagu, wancan na dama, da ɗan fenti ko salatif. In ka sauya rami, wani lokaci kwamfuta kan juya lambobin, sai na zaune a hagu ya ga yana tuƙa na dama.

Tsofaffin 'yan Sega za su tuna wahalar da muka sha a nan. Hannun Mega Drive na farko maɓalli uku gare shi, don haka a Street Fighter ɗinsa na 1993 sai ka danna Start kafin ka koma daga naushi zuwa shuri. Mai hannu mai maɓalli shida a lokacin sarki ne a layi.

In hannu ɗaya kawai gare ka, ɗaya ya yi da kibod, amma a riƙa musanya bayan kowane wasa. Abin da ba na ba da shawara shi ne mutum biyu a kibod ɗaya. Yawancin kibod ba sa ɗaukar maɓallai da yawa a lokaci guda, sai ka ga wani ya danna karewa ba ta fita ba don abokin karawarsa ya riƙe uku.

Mataki na 4: Kashe jinkirin talabijin

Wannan ne mutane suka fi tsallakewa. Wasan yana zana hoto kusan 60 a kowace daƙiƙa, kuma akwai karewar da tazarar hoto biyu ko uku ce tsakanin ka tsira da ka sha duka. Talabijin na zamani yana tsayawa ya gyara hoto ya ƙawata shi kafin ya nuna, wannan tsayawar ce ke sa ka danna yanzu abu ya fita anjima. Shiga saitin hoto ka nemi Game Mode ka kunna, ka kashe duk wani abin da aka ce yana sa motsi ya yi santsi. A kwamfuta kuma, jona caja, rufe burauza da duk abin da ke gudana a baya.

Gwajin da nake yi ba shi da wuya. Na sa hoton ya fito a laftof da talabijin a tare, na danna ƙaramin naushi ina kallon biyun. In na talabijin yana biyo baya har ido na gani, to da aiki. Wanda ba shi da Game Mode, gara ka yi da allon kwamfuta ko da ƙarami ne. In kuma akwai tsohon mai ƙeya a sito yana shan ƙura, shi ba ya jinkiri ko kaɗan, sai dai haɗa shi da laftof na bukatar 'yar na'urar juya hoto, ita ma wata tana da nata jinkirin.

Bar hoton a faɗinsa na asali, 4:3, da baƙin gefe hagu da dama. In ka ja shi ya cika fuska, kowa zai yi ƙiba kamar Honda, ƙaton ɗan wasan nan na ciki, kuma idonka zai riƙa ƙaryata maka nisan da ke tsakaninku.

Mataki na 5: Fara da karewa, ba da wuta ba

Kowane yaro da na zaunar, abin da yake fara cewa shi ne, "Kawu, nuna min yadda ake wuta." Nakan ce sai ka iya tsayuwa tukuna. Ba sa jin daɗi, amma bayan kwana uku su ke dukan waɗanda suka fara da wuta.

A Street Fighter babu maɓallin karewa kamar na Mortal Kombat. Baya kake riƙewa. In ka riƙe baya kana tsaye, ka kare duk abin da ya zo daga sama da tsakiya. In ka riƙe ƙasa da baya tare, kana tsugune, ka kare sharar ƙafa. Ƙa'idar ita ce: zauna a tsugune kana karewa, da ka ga ya yi tsalle ya nufo ka, ka miƙe ka kare a tsaye, don dukan mai tsalle yana ratsa karewar tsugune. Zaunar da wani ya yi ta kawo maka hari turmi biyar, kai ba ka rama ba. Abin kunya ne a ido, amma nan hannu ke koyo.

Daga nan sai tarbar mai tsalle. Sabon shiga ba ya iya tafiya a ƙasa, kamar fara yake, tsalle kawai. Da Ryu ko Ken, in ya taso maka, tsuguna ka danna babban naushi, zai sha shi a haɓa kafin ya sauka. Wannan dabara ɗaya tak ta isa ta cinye rabin unguwa.

Sai shara, wato tsugune da babban shuri. Tana kayarwa, amma in aka kare ta ka daɗe kafin ka dawo daidai, kuma a nan za a rama. Kada ka yi ta kana manne da mutum, yi ta daga inda ƙafarka ta ƙarshe ke isa.

Sai kamu. In ka matso jiki da jiki, ka riƙe gaba ko baya ka danna matsakaici ko babban naushi, za ka ɗaga shi ka maka da ƙasa. Karewa ba ta hana kamu, shi ne maganin mai lafewa a lungu. A gidajen gem na da har faɗa ake yi a kansa, wasu na cewa ha'inci ne. Ba ha'inci ba ne, cikin wasan yake, amma ka faɗa a fili tun kafin a fara cewa a wannan zauren kamu halas ne.

Mataki na 6: Yanzu sai wuta

Muna yara "aduket" muke ji Ryu yana cewa in ya jefa wuta, ashe Hadoken ne. Kana fuskantar dama: ƙasa, ƙasa da gaba, gaba, sai naushi. Kada ka ɗauke su a matsayin danni uku. Ɗora babban yatsa a ƙasa ka mirgina shi zuwa gaba, kamar mai shafa man zafi, naushin ya sauka daidai lokacin da yatsan ya isa gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a danna naushi da wuri, sai ka ga ɗan wasan ya tsuguna ya kai naushi kawai. Na biyu shi ne gaggawa. Wasan yana da haƙuri fiye da yadda kake zato, yi a hankali ka ga ta fita, sauri zai zo da kansa. Ƙaramin naushi na ba da wuta mai tafiya a hankali, babba mai gudu, kuma gauraya su ne ke rikita mai tsallakewa.

Yi goma a jere kana hagu, sannan ka tsallaka ka yi goma kana dama. Kar ka yi wasa da wannan. Na san ƙwararru da in aka juya musu gefe sai su koma kamar ba su taɓa riƙe hannu ba.

Naushin tashi sama, Shoryuken: gaba, ƙasa, ƙasa da gaba, naushi. Ya fi wuya, kuma in bai samu mutum ba, za ka sauko a gabansa ba kariya. Shurin juyi kuwa Hadoken ne a juye: ƙasa, ƙasa da baya, baya, sai shuri.

Akwai masu wani tsari dabam, na ɗurawa. Guile ne babbansu. Riƙe baya kamar daƙiƙa biyu, sai gaba da naushi, Sonic Boom ta fita. Riƙe ƙasa daƙiƙa biyu, sai sama da shuri, ya yi shurin alkafura. Sirrin shi ne in ka riƙe ƙasa da baya tare kana ɗura biyun a lokaci guda, kana kuma karewa. Shi ya sa mai Guile ke tsugunawa a gefe kamar mai jiran mota a Kawo, kowa na jin haushinsa.

In waɗannan sun zauna, ga haɗin farko da za ka koya: tsugune da matsakaicin shuri, kafin ƙafar ta dawo ka ƙarasa mirginawar ka danna naushi. Wutar za ta fita manne da shurin. Tunda kana riƙe da ƙasa ne ka yi shurin, rabin aikin ya riga ya wuce. Ka kuma sani, wuta da 'yan uwanta suna ɗan cin jini ko an kare su, don haka mai saura ƙiris ba ya tsira da lafewa. In duka ya yi wa mutum yawa a jere, taurari ko tsuntsaye za su riƙa zagaya kansa, ya tsaya yana layi. In kai ne, girgiza gicciyen da maɓallai da sauri ka farfaɗo.

Mataki na 7: Ba kowa ɗan wasan da ya dace da shi

A nan na fi jin daɗin zama, don ra'ayin mutane kan fito fili. Yaran da suka tashi da gem ɗin ƙwallo da na waya, kallon farko sai sun yi dariya, "Kawu, wannan ai katun ne." Bayan an share su sau uku a jere sai dariyar ta ɗauke, a gyara zama. Abin da suka fi faɗa daga baya shi ne wasan ba ya rufa asiri: ba abokin wasa da za ka ɗora wa laifi, ba alƙalin wasa, kai ne da hannunka. Manya kuma da suka rabu da shi shekara ashirin, kansu ya manta amma yatsunsu ba su manta ba. Na ga wani magidanci da ya shigo aski yana cewa shi ya girmi wannan shirme, aka miƙa masa hannu, wutar farko ta fita ba kuskure, har aka kira Magariba gashinsa na kansa.

Mai koyo ya fara da Ryu ko Ken, su ne ke koyar da komai. Ƙaramin yaro ko wanda yatsansa bai saba ba, ba shi Blanka ɗan Brazil ko Honda: ya yi ta danna naushi da sauri, ɗaya ya kawo lantarki, ɗaya ya yi ruwan mari. Chun-Li 'yar China haka take da shuri, ga sauri, kuma 'yan matan gidanmu ba sa ɗaukar kowa sai ita. Dhalsim na Indiya mai miƙa hannu da ƙafa na masu haƙuri ne, in aka matso shi ya shiga uku. Zangief ɗan kokawar Tarayyar Sobiyat sai wanda zai iya zagaya gicciyen gaba ɗaya kafin ya danna naushi, kuma a hannu mai araha wannan azaba ce. A Champion Edition, M. Bison ya fi ƙarfin sauran nesa ba kusa ba, ni a zaurena nakan hana shi in da sababbi. A Super Turbo kuwa akwai ɓoyayyen ɗan wasa Akuma, wanda galibin gasanni suka haramta.

Wata gardama da za ka iya kashewa da wuri: in wani ya rantse ɗan damben nan sunansa M. Bison, wani ya ce Balrog, duka sun yi gaskiya. A na Japan ɗan damben ne M. Bison, mai farcen ƙarfe Balrog, babban mugun kuma Vega. Da za a kai wasan Amurka aka juya sunayen.

Mataki na 8: Tsara zaman

Zaman yau da kullum dokarsa tsohuwa ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannu. Ni na ƙara mata ɗaya, in ka ci biyar a jere ka tashi ka koma bayan layi. In ba haka ba gwani ɗaya zai riƙe benci, sauran su zame ɗaya bayan ɗaya. Rubuta layin a littafi, don "ni ne na gaba" ta haddasa rigima fiye da wasan kansa.

In gasa ce, mutum takwas sun isa. Yi tsarin da sai an ci mutum sau biyu yake fita: wanda ya faɗi sau ɗaya ya koma rukunin waɗanda suka faɗi, yana da sauran dama. Da mutum takwas karawa 14 ce, ko 15 in wanda ya taso daga rukunin ƙasa ya ci karawar ƙarshe ta farko. Kowace karawa wanda ya riga cin wasa biyu ya wuce. Wanda ya ci ba ya canja ɗan wasa, wanda aka ci yana iya canjawa. Gefen zama a jefa kwabo. Kafin kowace karawa a ba su 'yan daƙiƙu kowa ya danna maɓallansa shida a gaban jama'a, wanda ya ce ya yarda, ba shi da bakin kuka daga baya. Wanda ya danna tsayarwa ana cikin turmi ya ba da turmin. In aka fara bayan La'asar ba ɓata lokaci, ana gamawa kafin Magariba.

Ba na yarda a sa kuɗi. Da an ce "naira kaza a kan Ken" ya zama caca, kuma daga ranar dattawan layi za su sa maka ido, da gaskiyarsu. Kyautar lemo ko tsire daga aljihun mai gida ta wadatar. Ana kiran salla a kashe, lokacin makaranta da Islamiyya ba yaro a benci. In za ka ƙara da Mortal Kombat na kamfanin Midway, wanda ya fito a 1992, ka tuna da jini da cire kai da ke cikinsa, ka bar shi sai yara sun tafi.

Mataki na 9: Kula da kaya, da zancen sanda

Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar hannu. Maɓalli ya fara nauyi, kwance sukurorin baya, ɗaga robar da ke ƙarƙashinsa, goge baƙin ɗigon da kan allon da auduga mai ɗan sifirit, bari ya bushe ka mayar. In robar ta tsage ba gyara, kuma in za ka sauya hannu, sauya biyun tare. A watannin Maris da Afrilu ɗora laftof a kan ƙananan katako biyu iska ta shiga ƙarƙashinta, kada a kan katifa ko darduma, don in ta yi zafi wasan zai fara tsinkewa. Da damina in hadari ya haɗo da tsawa, zare komai daga soket. Wayar hannun kuma kada a naɗe ta a jikinsa da ƙarfi, daga wuyan take karyewa.

In abin ya shige ka har kana son sanda irin ta injin asali, ana sayar da kayan haɗinta a kunshi ɗaya: sanda, maɓallai, wayoyi da ɗan allon USB, ba sai ka yi walda ba. Kai wa kafinta a Panteka ya yi maka akwati mai nauyi wanda ba zai riƙa zamewa a cinya ba. Ramin manyan maɓallai milimita 30 ne, na ƙananan 24. Je da maɓallin a hannunka ya gwada a guntun katako kafin ya huda na gaske, kuma in katakon mai kauri ne ka nemi maɓalli mai ɗaurin zobe ta ƙasa, don mai maƙalewa sai a falle siriri yake kamawa. Kafin ka ɗaure sandar da sukurori, jona ta ka buɗe joy.cpl ka tura sama ka gani. Ta farko da na haɗa a juye na ɗaura ta, na tura gaba Ryu ya yi tsalle, sai da na sake kwance akwatin gaba ɗaya. In za ka yi, ka yi guda biyu, ko kuma ka ajiye ta sai ranar da kake atisaye kai kaɗai.